Kitse a hanta, kumfa a fitsari: shekara huɗu bayan tiyatar wata mai waina

## Asalin lamarin

Na fara ganinta a watan Afrilun 2023, a ɗakin masu hawan jini da ciwon suga na asibitin da nake aikin jinya a jihar Kano, amma matsalar ta girmi wannan rana da shekara biyu da rabi. Abin da zan kawo na tattaro shi ne daga katinta, da takardun gwaji da take tarawa a cikin wata baƙar leda, da abin da ta faɗa mini da bakinta. Ta yarda in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunanta ko na unguwarsu.

A 2020 shekarunta 41, 'ya'yanta shida, tsayinta mita 1.60, nauyinta kilo 68. Sana'arta suya ce. Da asuba take ɗora tanda ta yi waina, da la'asar ta ɗora kasko ta soya ƙosai da awara a ƙofar gida. Mai irin wannan sana'a ba ta zama ta ci abinci kamar kowa. Wainar da ta fashe ita ke ci, ƙosan farko ita ke ɗanɗanawa ta ji gishiri, wanda ya yi kwantai kuma ba a zubarwa. Man da ya rage a kasko shi ake juyewa a miyar gida, a ƙara manja a kai. Haka ta yi kusan shekara ashirin, kuma ba a taɓa ce mata tana da hawan jini ko suga ba, har a awon cikinta na ƙarshe.

## Nuwamba 2020: tiyata

Ƙarin mahaifa ne ya kai ta asibiti. Jinin al'ada ya riƙa zuba kwana goma, sha biyu, har sai da aka yi mata ƙarin jini. A watan Nuwamba aka yi mata tiyata a wani asibiti mai zaman kansa. Abin da ta fahimta shi ne an cire ƙari tare da mahaifa. Abin da takardar sallama ta ce, da rubutun likita cikin Turanci, shi ne an cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai duka biyun. An sallame ta da maganin ƙarin jini da na kashe ƙwayoyin cuta, aka ce ta dawo a cire zare.

Ma'ajiyar ƙwai ce ke samar da mafi yawan sinadarin estrojin a jikin macen da ba ta daina al'ada ba. Yawancin mata al'ada kan ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma sinadarin yakan ja baya ne sannu a hankali, cikin shekaru. Idan aka cire ma'ajiyar biyu, faɗuwar a cikin 'yan kwanaki take faruwa.

## 2021 zuwa 2022: kowane ciwo da shagonsa

Makonni kaɗan bayan tiyata ta fara jin zafi yana taso mata daga ƙirji zuwa fuska, ta farka tsakar dare zaninta sharkaf da gumi ko a cikin hunturu. Barci ya ƙaurace mata, gwiwoyi da ƙugu suka fara ciwo. A kemis aka ce maleriya ce. Da bai bari ba aka ce taifot, aka yi mata allurai. Cikin 2021 kaɗai ta sha maganin maleriya da taifot sau huɗu. Wata mai maganin mata ta ce sanyi ne ya yi mata yawa, ta haɗa mata jiƙo.

Na gwiwa kuwa, mai kemis ya ba ta diclofenac mai miligiram 50. Ya yi mata aiki, don haka ta riƙe shi: ɗaya da asuba kafin ta zauna gaban tanda, ɗaya da yamma, ranar kasuwa har uku. Ta sha shi kusan kullum na fiye da shekara ɗaya da rabi.

Nauyi ya fara hawa. A ƙarshen 2021 ta kai kilo 77, kuma 'yan'uwa murna suka yi mata, suna cewa jiki ya dawo, tiyata ta karɓe ta. Ita ce ta fara lura cewa ƙibar ba irin wadda ta sani ba ce. A da, in ta yi ƙiba, a ƙugu da cinya take zama. Wannan kuwa a ciki ta taru, teɓa ta fito gaba, zannuwa suka daina zagayowa yadda suka saba. A tsakiyar 2022 ta kai kilo 84.

Ta gwada abu uku. Ruwan zafi da lemon tsami kowace safiya, wata biyu, bai motsa komai ba. Shayin rage ƙiba da ta saya a wajen wata mai talla a waya ya sa ta zawo, kamar yadda filasko ke yi, ta sauke kilo 3 cikin mako biyu, suka dawo cikin mako uku da ta daina, domin ruwa ne ya fita, kitsen yana nan. Sai ta koma ƙin karyawa da safe, wanda ya sa kafin la'asar yunwa ta gama cin ta, ga kuma kasko a gabanta.

## Afrilu 2023: abin da gwaji ya nuna

Azumin 2023 ya faɗo daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, a tsakiyar zafi. Tana azumi, tana suya a gaban wuta don masu buɗa baki, tana shan diclofenac da sahur da kuma bayan shan ruwa. Jiri ya kwashe ta a bakin kasko, 'yarta ta kawo ta. A nan ne ta ambata, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa fitsarinta ya daɗe yana kumfa.

Shekarunta 44 a lokacin. Nauyi kilo 86, awon ƙiba na BMI 33.6, zagayen ciki santimita 104, alhali a wajen mace daga 80 ake fara lura, daga 88 kuma haɗarin ya ƙaru sosai. Jini 158 bisa 96. Sugan jini ba ta ci komai ba 6.3, wato bakin ƙofar ciwon suga, bai shiga ba tukuna. Kitsen jini na tiraigilisarid 2.4, kolestarol mai cutarwa 4.1.

A ɓangaren hanta, ALT 64, AST 41, wato sinadarai biyu da kan hau a jini in hanta ta taɓu. Abu na farko da likita ya nema shi ne gwajin ciwon hanta nau'in B da C, kuma dole ne a ƙasar nan, tunda binciken lafiya na ƙasa baki ɗaya, NAIIS, na 2018 ya sami nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64. Duka biyun ba ta da su. Ba ta shan giya. Sikanin ya nuna hanta ta yi haske fiye da ƙoda, alamar kitse ya taru a cikinta. An lissafa mata FIB-4, wanda ake haɗawa da shekaru da ALT da AST da adadin ƙwayoyin daskarar da jini, ya ba da 0.94. Ƙasa da 1.3 na nufin da wuya a ce hantar ta riga ta yi tabo mai yawa.

A ɓangaren ƙoda, kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, 106, wanda ya ba da ƙarfin tacewa na eGFR 57. Albumin, furotin na jini da ke yoyo in matatar ƙoda ta taɓu, a fitsari miligiram 88 a kowane giram na kiriyatinin, alhali ƙasa da 30 ake so.

Likita ya ce ta ajiye azumi na wasu kwanaki ta rama daga baya, ta daina diclofenac daga ranar, ta koma paracetamol. Ya rubuta mata amlodipine, maganin hawan jini. Ni kuma na miƙa mata takardar da muke ba kowa, mai jerin abin da aka hana, na ce, "Hajiya, mai kam sai haƙuri." Babu wanda ya tambaye ta wace irin tiyata aka yi mata, har da ni. A katin an rubuta cewa an cire mahaifa a 2020, muka wuce.

## Mayu zuwa Satumba 2023: gudun gara

Ta bi umarni iya fahimtarta. Ta daina cin ƙosai da waina, ta daina miya mai mai. Abin da ta maye gurbinsu da shi shi ne burodi da shayi mai cokali uku na suga, farar shinkafa da yaji, fura da suga, da lemon kwalba in zafin wuta ya dame ta. A ganinta babu maiƙo a cikinsu, kuma gaskiyarta. Abin da takardarmu ba ta faɗa mata ba shi ne hanta da kanta tana ƙera kitse daga suga da gari in sun yi yawa, musamman a jikin da insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, ya daina yi wa aiki sosai.

A watan Yuli nauyi 86, bai gusa ba. Tiraigilisarid ya hau 2.9, ALT 61. Amlodipine ya kumbura mata ƙafa, ta ɗauka ƙodar ce ta lalace, ta daina sha ba ta faɗa wa kowa ba, jini ya koma 154 bisa 94.

Abu ɗaya ne ya gyaru. Kiriyatinin ya sauka zuwa 88, eGFR ya hau 71. Diclofenac da danginsa suna toshe sinadaran da ke buɗe jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda, kuma in aka haɗa da ƙishirwa abin ya fi muni. Da aka janye shi, ta kuma sha ruwa, tacewa ta farfaɗo. Albumin kuwa yana 74. Tunda ya wuce wata uku yana sama da 30, likita ya rubuta ciwon ƙoda mai daɗewa a matakin farko-farko. Kalmar ta firgita gidan, domin a wajen mutane ciwon ƙoda na nufin wankin ƙoda da sayar da fili.

Cikin wannan firgici ƙanin mijinta ya kawo wani ruwan magani a jarka, wai na wankin hanta da ƙoda, babu rubutun abin da ke ciki. Ta sha kofi ɗaya safe da yamma na mako biyar. A Satumba ALT ya tashi zuwa 112. Da aka matsa da tambaya ta faɗa. Ta daina, bayan mako shida ya dawo 58.

## Oktoba 2023: kwalba da zare

Ganin takarda ba ta yi ba, na nemi izininta na je gidan wata ranar Asabar da la'asar. Na zauna a kan tabarma ina kallo. Kasko yana tafasa, man ya yi duhu don kwana uku ke nan ana ƙara sabo a kan tsoho. Cikin awa ɗaya, tana hira da ni tana tsame ƙosai, na ƙirga huɗu da suka shiga bakinta, ita da ta rantse ta daina. Da na faɗa mata sai ta yi dariya ta riƙe baki, ta ce, "Sista, wallahi hannun ne ya saba, ban san ya kai ba."

Sai muka auna man girki, ban da na sana'a. Kwalba ɗaya mai mililita 750 kwana biyu take yi wa mutum takwas. Kowa na samun kusan cokali uku na cin abinci a rana ke nan, kuma kowane cokali na ɗauke da kalori kusan 120, domin giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na gari ko na suga 4. Kusan rabin manja daskararren kitse ne, irin da ke ɗaga kolestarol, man shanu ya fi haka, kakide kusan haka, man gyaɗa kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ta fuskar ƙiba kuwa duk ɗaya suke.

Ba mu hana mai ba a wannan karon. Mun ɗaura zare huɗu a jikin kwalbar, muka raba ta gida biyar, kowace rana daga zare zuwa zare. Maigidan, wanda na zaci shi zai ƙi, shi ya fi kowa goyon baya, domin tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin cefane ya hana shi sakat. Aka daina juye man kasko a miya. Babbar 'yarta ta karɓi ɗanɗanon gishiri da tsamar ƙosan yamma, ita kuma ta koma karɓar kuɗi, nesa da kasko. Karin safe ya dawo: kunun gero ba suga da alale ko dafaffen ƙwai. Da rana tuwon dawa malmala ɗaya da miyar kuka ko kuɓewa, ko dafaffen wake, da kwaɗon zogale ko rama. Lemon kwalba ya fita, zoɓo ba suga ya shigo. Dunƙulen miya daga shida ya koma biyu, daddawa ta cike gurbin, saboda gishirin da ke cikinsa. Islamiyyar da take zuwa a adaidaita sahu kwana huɗu a mako ta koma zuwa da ƙafa, minti 25 zuwa, 25 dawowa.

Likita ya canza amlodipine da losartan miligiram 50, wanda ban da sauke jini yana rage matsi a cikin matatar ƙoda, ya rage yoyon albumin. Ba a ba mai ciki shi, amma a nan wannan tambayar ba ta taso ba. An gaya mata tun farko cewa kiriyatinin zai ɗan hau, kuma ya hau zuwa 95 bayan mako biyu, fotasiyam na jini lafiya lau, aka ci gaba. An ƙara maganin kolestarol atorvastatin miligiram 20, wanda kitsen hanta ba ya hana shan sa.

Zuwa ƙarshen Disamba ta sauka kilo 83, jini 136 bisa 86. Tafiyar ce ke ba ta wuya. Gwiwa na ciwo, barci babu, kuma sau biyu ta amsa cewa ta koma wa diclofenac.

## Janairu 2024: an karanta takardar sallama

Wata likita da ta zo riƙon ɗakin ce ta tambaye ta dalilin rashin barcin. Da ta ji zancen gumin dare da zafin da ke tasowa, ta ce a kawo takardun tiyata. Suna cikin baƙar ledar nan tun ranar farko. A ranar, bayan shekara uku da wata biyu, matar ta fara jin cewa an cire mata ma'ajiyar ƙwai, kuma abin da aka yi ta yi wa allurar taifot ɗaukewar al'ada ce ta farat ɗaya.

Estrojin yana da hannu a inda jiki ke ajiye kitse. Yana nan, kitsen mace ya fi zama a ƙugu da cinya, ƙarƙashin fata. In ya ja baya, sai ya koma cikin ciki, kewaye da hanji, kuma jinin da ke fitowa daga nan kai tsaye hanta yake fara shiga. Insulin ya rage tasiri, kolestarol ya hau, jijiyoyin jini su rage laushi. A ɗakunan bincike an sha cire wa ɓeraye mata ma'ajiyar ƙwai a ɗora su a kan abinci mai maiƙo, kuma hantarsu takan tara kitse fiye da ta waɗanda aka yi wa ɗaya daga cikin biyun kawai. A mutane, masu bincike na Mayo Clinic sun bi matan gundumar Olmsted ta jihar Minnesota a Amurka, suka buga a 2018 cewa waɗanda aka cire wa ma'ajiyar biyu kafin shekara 50 sun fi takwarorinsu kamuwa da ciwon ƙoda mai daɗewa.

An tura ta wajen likitan mata don a duba ko za a mayar mata da estrojin. Tsoron da ake yi wa maganin mayar da estrojin ya samo asali ne daga babban binciken WHI na Amurka, wanda aka dakatar da wani sashensa a 2002 saboda ƙarin kansar mama. Matan da ke cikinsa matsakaicin shekarunsu 63 ne, kuma wancan sashen estrojin ne haɗe da wani sinadarin da masu mahaifa ke buƙata. Macen da ta rasa ma'ajiyar ƙwai tana da 41 lissafinta daban ne. In babu abin da ya hana, ana ba da shawarar a mayar mata da shi har zuwa shekarun da al'ada kan ɗauke da kanta, wajen 50 ko 51. An duba mamanta, an tabbatar ba ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya ko shanyewar ɓarin jiki ba, jininta kuma ya sauka. Aka zaɓa mata na mannawa a fata, mai maikurogiram 50, ana canzawa sau biyu a mako, domin na haɗiya sai ya bi ta hanta, yana iya ɗaga tiraigilisarid da haɗarin daskarewar jini. Likitan ya faɗa mata a fili cewa don gumi da barci da ƙashi ya ba ta, kada ta ɗauke shi maganin hanta ko ƙoda.

Cikin mako uku gumin dare ya ragu ƙwarai, ta fara barcin awa shida. Ciwon gaɓoɓi ya yi sauƙi, tafiyar Islamiyya ta daina zama azaba. Samun maganin ne matsala: sai an aika cikin birni, ga tsada, kuma a Yuni da Yuli ya yanke gaba ɗaya, gumin ya dawo har aka sake samu.

## Azumin 2024 zuwa Disamba

An shirya wa wannan azumin tun kafin ya kama a watan Maris. Losartan ya koma bayan buɗa baki, ruwa kofi-kofi daga magariba zuwa sahur, suyar yamma a hannun 'yarta, buɗa baki da dabino uku da kunu da ƙosai biyu ƙidaya. Ta fita azumin da kilo 80. Babbar sallah ta mayar mata da kilo ɗaya da rabi, soyayyen nama da kitsensa, ta sauke shi cikin wata biyu.

Awon Disamba 2024, tana da shekara 45: nauyi kilo 77, wato ta sauke 9, kashi 10.5 cikin ɗari na inda ta fara. Zagayen ciki 92. Jini 128 bisa 80. Suga 5.5, tiraigilisarid 1.5, kolestarol mai cutarwa 2.4. ALT 29. Sikanin ya nuna sauran kitse kaɗan. Kiriyatinin 84, eGFR 75. Albumin a fitsari 34.

## Yadda nake ganin lamarin

Hanta da ƙoda ba su bi hanya ɗaya ba, ko da yake tare aka gano su. Hantar nauyi ta bi. Sanannen abu ne cewa sauke kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyi yana rage kitsen hanta, 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburinta, kuma lambobinta sun tafi daidai da haka. Hana mai kwata-kwata ya faɗi saboda suga da farin gari sun shiga gurbinsa, auna shi da zare kuma ya yi aiki saboda gidan duka ya shiga ciki, aka kuma raba hannunta da kasko. Cutar kitsen hanta ma a 2023 aka sake mata suna zuwa MASLD, don a nuna tushenta rikicewar sarrafa abinci a jiki ne, ita da teɓa da suga da hawan jini 'yan gida ɗaya.

Ƙodar kuwa, kaso mafi girma na faɗuwar Afrilun 2023 aikin diclofenac da ƙishirwa ne, shi ya sa ta farfaɗo tun kafin a sauke ko kilo ɗaya. Yoyon albumin na hawan jini da ƙiba ne, kuma losartan da rage gishiri suka fi taɓa shi.

Estrojin ba zan ce shi ya warkar da hantar ba, tunda nauyi ya fara sauka wata uku kafin a fara shi. Amma ta ci maiƙon nan shekara ashirin tana kilo 68, sannan ta ƙara 18 cikin wata 29 bayan tiyata, da abinci iri ɗaya. Kuma rashinsa ne ya jawo rashin barci da ciwon gaɓoɓin da suka kai ta ga diclofenac. A nan nake ganin babban kuskuren, kuma namu ne na ma'aikatan lafiya: an sallame ta ba a gaya mata abin da aka cire ba, mu kuma muka riƙe ta wata tara muna dukan taiki, takardar tana cikin leda a kan cinyarta.

Albumin 34 bai sauka ƙasa da 30 ba, don haka sunanta na nan a rajistar masu ciwon ƙoda. Za a maimaita gwajin fitsari da kiriyatinin duk wata shida, FIB-4 bayan shekara biyu, maganin mannawa kuma likitan mata zai sake duba shi kowace shekara har ta kai 50. BMI ɗinta 30 ne har yanzu, kuma 'yar da ke tsame ƙosan an sa ranar aurenta bayan sallah.